Yadda Ake Gano Lalacewar Boris ɗin Tsakiyar Farfela da Yadda Ake Canza Shi a Tsohuwar Mota

Idan tsohuwar mota mai ja da ƙafafun baya ta fara karkarwa daga ƙarƙashin kujera a lokacin tashi, ko ta fara wani gurnani da ke ƙaruwa yayin da gudu ke ƙaruwa, yawanci taya ake fara zargi, daga nan a koma kan aksul ɗin baya. Sau da yawa kuwa laifin yana tsakiyar motar ne, a wurin da ba a cika leƙawa ba saboda salansa da farantin kare zafi sun rufe shi, wato boris ɗin da ke riƙe da tsakiyar farfela. Kayan kansa ƙarami ne, kuma canza shi bai fi ƙarfin wanda ya saba riƙe sifana ba. Abubuwa biyu ne ke ɓata wannan aiki: ko dai a sa sabon boris ba tare da an gano abin da ya kashe tsohon ba, ko kuma a raba farfela gida biyu ba tare da an yi mata alama ba. Duk wanda ya kiyaye waɗannan biyun, sauran aikin kwancewa ne da ɗaurewa.

Dalilin da ya sa farfela ke da boris a tsakiya

Farfela dogon bututun ƙarfe ce da ke ɗaukar juyi daga giyabos zuwa aksul ɗin baya, kuma tana juyawa da saurin da mutane da yawa ba su zata ba. Tayar da kewayenta ya kai kusan mita 2 tana juyawa kimanin sau 830 a minti idan mota na gudun kilomita 100 a awa. Aksul ɗin yawancin ƙananan motoci yana buƙatar juyin farfela uku zuwa huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya, don haka a wannan gudun farfela tana yin wajen juyi 2,500 zuwa 3,300 a minti. Kowane bututu mai juyawa yana da iyakar saurin da idan ya kai zai fara lanƙwasa a tsakiya yana bulala kamar igiyar tsalle, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon yadda wannan iyaka ke sauka ƙasa. Shi ya sa masu ƙera motoci ke raba farfela gida biyu gajeru, su tallafe mahaɗar da boris da ke manne a ƙasan bodi. Haka abin yake a Mercedes W123 da W124 da 190, da BMW E30 da E36, da Volvo 240, da kuma motocin ɗaukar kaya masu dogon jiki.

Abin da ake kira boris ɗin tsakiya a gaskiya kaya biyu ne a jiki ɗaya. Akwai boris na ƙarfe mai ƙwallaye, wanda aka cika da giris aka rufe tun daga masana'anta, akwai kuma zoben roba mai kauri da ya kewaye shi a cikin wani firam na ƙarfe. Boris ɗin shi ke barin farfela ta juya, robar kuma ita ke shanye jijjiga don kada ta shiga cikin mota, tare da ba farfela damar ɗan motsawa idan inji da giyabos suka motsa a kan mauntin ɗinsu, wato robobin da suke zaune a kai. Kowanne daga cikin biyun yana da tasa hanyar mutuwa da tasa alamar, kuma a tsofaffin motoci robar ce ta fi yawan riga boris ɗin mutuwa, domin shekaru da zafin salansa da man da ke ɗiga daga giyabos duk abokan gabarta ne.

Alamomin da ake ji a kan hanya

Idan roba ce ta yage ko ta saki, alamar ta fi fitowa a ƙaramin gudu, lokacin da aka taka totur daga tsaye ko ana hawan tudu da kaya. Za a ji karkarwa ko bugu a jere daga tsakiyar ƙasan mota, kusa da birkin hannu ko ƙarƙashin kujerun gaba, sannan da zarar mota ta miƙe sai abin ya lafa. Dalili shi ne a giyar farko ne farfela ke ɗaukar murɗi mafi ƙarfi, kuma wannan murɗin yana ƙoƙarin ture mahaɗar tsakiya gefe; robar da ta mutu ba ta iya riƙe ta, sai farfela ta riƙa dukan firam ɗinta ko ma bodin motar. Wani lokaci kuma ana jin ƙara guda ɗaya, ƙwas, duk sanda aka sa giya ko aka saki totur ba zato.

Idan kuwa boris ɗin ƙarfen ne ya bushe, ƙara ce ake ji maimakon bugu. Tana farawa da siririn kuka, daga baya ta zama gurnani irin na dutsen niƙa, kuma tana bin gudun mota, ba ruwanta da gudun inji. Gwajin farko ke nan: a sami miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, a kai mota gudun da ƙarar ta fi fitowa, sannan a sa ta a firi a bar inji ya sauka. Idan ƙarar ta sauka tare da inji, to matsalar tana wajen inji ko kuloci. Idan ta ci gaba kamar ba a yi komai ba, to abin da ke juyawa tare da tayoyi ne, kuma zargi ya rage a kan huɗu: taya, boris ɗin taya, aksul, da farfela.

Rarrabe waɗannan huɗun yana buƙatar kunne da haƙuri. Ƙarar taya tana canzawa idan an sauka daga kwalta mai santsi zuwa mai kaushi. Ƙarar boris ɗin taya tana ƙaruwa ko raguwa idan aka ɗan karkata sitiyari hagu da dama, saboda nauyin mota yana komawa ɓangare ɗaya. Kukan aksul yana sauya murya tsakanin lokacin da aka taka totur da lokacin da aka sake shi, domin haƙoransa suna cizon juna ta fuska daban a kowane hali. Ƙarar boris ɗin tsakiya ba ta cika damuwa da kwana ko irin kwalta ba, kuma wanda ya zauna a kujerar baya ya ɗora tafin hannunsa a kan tudun da ke ratsa tsakiyar mota yakan ji ta a hannunsa. Yanayin jijjigar ma yana da abin faɗa: tayar da ta rasa balansin tana girgiza mota a hankali, har ana iya ganin sitiyari ko kujera na rawa, amma jijjigar farfela ta ninka wannan sauri sau uku ko huɗu, don haka zirrr take yi a ƙasan ƙafa, takan kuma sa hoton madubin ciki ya dusashe.

Duk da haka gwajin hanya nuni kawai yake yi zuwa ga farfela, ba ya tabbatar da wane ɓangarenta ne. Kuros, wato gaɓa mai siffar gicciye da ke barin farfela ta juya a karkace, idan ya ƙage, da faifan roba da ke haɗa ta da giyabos idan ya tsage, suna iya kawo kusan irin waɗannan alamomin. Tabbaci sai an shiga ƙarƙashi.

Dubawa a ƙarƙashin mota

A ajiye mota a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, a bar salansa ta huce sarai. A sa wa tayoyin gaba waigi ta gaba da ta baya, a ɗaga bayan motar, a zaunar da ita a kan ƙafafun tokare na ƙarfe. Wanda ke da rami ko na'urar ɗaga mota ya fi samun sauƙi. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko da na minti ɗaya ne. Akwai kuma wani hatsari da ya keɓanta da wannan aiki, wanda ya kamata a riƙe shi tun yanzu: da zarar an kwance farfela, giyar da aka bar mota a ciki ba ta ƙara riƙe ta, kuma a motar otomatik matsayin P ba shi da sauran amfani, domin abin da yake kullewa yana cikin giyabos ne, kuma an yanke alaƙarsa da tayoyi. Waigi da birkin hannu kaɗai suka rage.

Da mota a firi kuma an saki birkin hannu, a kama farfela dab da boris ɗin a tura ta sama da ƙasa, hagu da dama. Ɗan motsi mai taushi da ke dawowa wurinsa ba laifi ba ne, aikin robar ke nan, kuma an sha canza lafiyayyen boris saboda an ga yana motsi. Abin da ake nema shi ne motsi marar riƙo, ko ƙarar ƙarfe na taɓa ƙarfe, ko farfelar da ta zauna a ƙasan firam maimakon tsakiyarsa. A haska fitila a duba robar ta kowane ɓangare ana tura farfelar, domin tsagar da ke ɓoye takan buɗe baki ne kawai idan an danna. Robar da ta kumbura ta yi laushi kamar ta jiƙa alama ce ta mai, kuma sai an bi sawun man an ga daga ina yake zuwa. Wuri mai sheƙi a jikin farfela ko a farantin kare zafi yana nuna inda ake gugar juna.

Daga nan a juya farfelar da hannu ana riƙe da firam ɗin boris da ɗaya hannun. Wani lokaci ana jin kaushi, amma nauyin aksul da giyabos yakan ɓoye shi, don haka hukuncin ƙarshe a kan boris ɗin ƙarfe sai an sauke farfela. Wasu makanikai suna tayar da mota a kan na'urar ɗagawa su sa giya su saurari boris ɗin da dogon sukudireba a kunne. Hanyar tana aiki, amma a ganina ba ta dace da wanda ke kwance a ƙasa a kan ƙafafun tokare ba, domin farfela mai juyawa ba ta sakin rigar da ta kama.

Kafin a fito, a duba maƙwabtan boris ɗin, domin a cikinsu ne yawanci mai laifin yake. A riƙe farfela ta ɓangarorin kowane kuros a murɗa su saɓanin juna a ga ko akwai wasa, a kuma nemi jan garin tsatsa a bakin kofunansa, wanda ke nuna cewa giris ya ƙare a ciki. A motocin da ke da faifan roba tsakanin giyabos da farfela, kamar Mercedes da BMW, a duba ko ya tsattsage kusa da notuna ko zaren cikinsa ya fito. A sa ƙarfe a ɗan ɗaga wutsiyar giyabos a ga ko mauntin ɗinsa ya zauna ko ya rabu. Mauntin da ya zauna yana sauya kusurwar farfela gaba ɗaya, kuma sabon boris da aka sa a ƙarƙashin irin wannan kusurwa ba ya daɗewa.

Kayan da za a tanada

Ban da sifanoni da soket, ana buƙatar sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da na'urar zaro boris, da filaya ta cire zoben kulli, da guntun bututu wanda faɗinsa ya yi daidai da zoben ciki na boris, da fenti ko alƙalamin da ba ya gogewa, da man sassauta tsatsa, da giris. A sayi sababbin notuna masu kulle kansu na faifan haɗi, wato faifan da ake ɗaure bakin farfela da shi a jikin giyabos ko aksul, domin irinsu sau ɗaya ake amfani da su. A wasu motoci ana sayar da boris da robarsa a haɗe, a wasu kuma, kamar tsofaffin Mercedes, daban-daban ake sayar da su. Ko da ɗaya ne ya mutu a canza su tare, tun da wahalar isa wurin ɗaya ce. A yi odar kayan da lambar shasi, saboda mota iri ɗaya tana iya zuwa da farfela daban gwargwadon inji da giyabos. Sannan a nemi littafin gyaran wannan mota takamaimai, domin ƙarfin ɗaurin notuna ya bambanta daga mota zuwa mota, kuma ba abu ne da ake ƙiyastawa ba.

Sauke farfela

A fesa man sassauta tsatsa a kan dukan notunan da za a taɓa, musamman na salansa, tun kwana ɗaya kafin aikin idan da hali. A yawancin ƙananan motoci sai an sauke tsakiyar salansa ko aƙalla an sassauta ta an rataye ta, sannan a cire farantin kare zafi.

Yanzu sai alama, kuma kada sifana ta taɓa farfela kafin a gama ta. A ja layin fenti da ya ratsa faifan haɗin baya da na aksul. A ja wani a gaba, tsakanin farfela da faifan giyabos. A ja na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, da ya ratsa mahaɗar rabin gaba da rabin baya. Sannan a zagaye firam ɗin boris da fenti a jikin bodi don a san inda yake zaune, a kuma lura ko akwai wosha ko ƙaramin ƙarfen cike tsakaninsa da bodi, a ƙirga su, a san na wane ɓangare ne. Dalilin wannan tsanani biyu ne. Na farko, an yi wa farfela balansin ne a masana'anta tana haɗe a matsayin abu ɗaya, kuma ƙananan faranta da ake gani an liƙa a jikinta da walda nauyin balansin ne. Idan aka mayar da rabi ɗaya ya goce ko da da haƙori ɗaya, balansin ya tashi. Na biyu, kuros da ke aiki a karkace ba ya juyawa da sauri ɗaya, yana ƙara sauri ya rage sau biyu a kowane juyi, kuma kuros na gaba da shi ne ke soke wannan tangarɗa, muddin kunnuwansu na fuskantar yadda aka tsara. Fenti yana iya gogewa a wajen wanki, don haka ya fi kyau a ƙara da ɗan ɗigo na cizal a kan ƙarfe mai kauri, ba a kan bututun ba. A ɗauki hoto kuma.

Idan farfelar tana da babban noti da ke matse gaɓarta mai zamewa, kamar a W123 da E30, a sassauta shi tun tana jikin mota, ba tare da an cire shi gaba ɗaya ba, domin hakan ne ke ba ta damar tsukewa ta fita. A kwance notunan baya, ana ja birkin hannu don riƙe farfelar, a sake shi a juya ta zuwa noti na gaba. Haka za a yi a gaba. A wajen faifan roba a riƙe kan ƙusar a juya notin. Notunan firam ɗin boris su ne na ƙarshe, kuma a nan ana son mutum na biyu ko wani abin tokare, domin ba a so farfela ta faɗi ko ta rataya a kan kuros ɗinta har ya lanƙwashe iyakarsa. A motocin da bakin farfela ke zamewa kai tsaye cikin wutsiyar giyabos, man giya zai zubo idan an zare ta, sai a ajiye kwano a kuma toshe bakin da tsabtataccen abu, a kula kada a ji wa sil ɗin, wato zoben robar da ke hana mai fita, rauni.

Da farfela ta sauka, a juya boris ɗin da yatsa. Lafiyayye yana juyawa shiru da ɗan nauyin giris. Wanda ke gudu fayau yana ƙara ya bushe, wanda ke tsalle-tsalle kuma ƙwallayensa ko zobensa sun ci. Sai a koma kan kowane kuros a lanƙwasa shi ta fuskokinsa biyu a hankali. Idan yana da wurin da yake maƙalewa a tsakiya, ko yana da tauri ta fuska ɗaya, to ga wanda ya yaga robar nan, kuma zai yaga sabuwar ma. A farfeloli da yawa na tsofaffin motocin Jamus an dasa kuros ne ba tare da zoben kulli ba, ba a canza shi da kayan gida. Irin wannan sai a kai wa masu gyaran farfela su canza su sake balansin, ko a nemi wata farfelar.

Raba farfela da canza boris

Idan za a matse farfela a kan tebur, a kama ta ta wajen kunnuwa masu kauri. Bututun siriri ne, kuma loɓawa ɗaya ta isa ta lalata shi.

Hanyar rabawa iri uku ce a mafi yawan lokuta. A wasu, bayan an kwance babban notin, rabin ɗaya yana zamewa daga haƙoran ɗayan, sai a tarar da zoben kulli da farantin kare ƙura a gaban boris. A wasu akwai ƙusa guda da ke ɓoye a tsakanin kunnuwan kuros na tsakiya, wadda ake sassautawa da sifana mai baki. A wasu kuma, kamar motocin Toyota da dama, ana kwance faifan haɗi na tsakiya, a tarar da noti da aka doke bakinsa don kada ya kwance, a buɗe dukan, a kwance shi, a zaro faifan. Shi ma wannan faifan sai an yi masa alama da sandar da yake kai. Ko wace iri ce, a jera duk abin da aka cire a kan tsumma bisa tsarin fitowarsa kuma ta fuskar da yake kallo, sannan a lura sosai da fuskar da firam ɗin tsohon boris ke kallo, domin da yawa ba su da fuska ɗaya gaba da baya, kuma suna shiga a juye ba tare da gardama ba.

Don zaro tsohon, ya fi sauƙi a yanke robar da wuƙa a cire firam ɗin, a bar boris tsirara, sannan a kafa ƙafafun na'urar zarowa a bayan zoben ciki. A sa wani ɗan ƙarfe ko tsohon noti a kan bakin sandar don kada zarenta ya lalace. Idan zoben waje ya fashe ya bar na ciki a manne, a yanka shi da injin yankan ƙarfe ba tare da an kai ga sandar ba, a sa cizal a tsagar a buga sau ɗaya ko biyu, zai buɗe ya zame. Ƙarfen boris yana da tauri kuma yana fallatsa, don haka tabarau na kariya dole ne a nan.

A goge mazaunin boris da samfefa mai laushi, iya cire tsatsa kawai. Idan sabon boris ya shige da hannu yana wasa, mazaunin ya cinye, kuma sabon zai riƙa juyawa a kan sandar maimakon a cikin kansa. Wannan ma aikin masu gyaran farfela ne.

Ƙa'idar sa boris ɗaya ce: ƙarfi yana bi ta zoben da ake shigarwa kawai. Idan ana sa shi a kan sanda, a kan zoben ciki ake dannawa. Idan ana sa shi cikin firam ɗin roba, a irin waɗanda ke zuwa a rabe, a kan zoben waje ake dannawa. Duk bugun da ya ratsa ta cikin ƙwallaye yana barin ƙananan ramuka a hanyarsu, waɗanda ido ba ya gani a ranar, amma kunne zai ji su ba da daɗewa ba. Na'urar matsi ta fi, amma bututun da ya dace da guduma mai matsakaicin nauyi suna yin aikin, a riƙa bugu kaɗan-kaɗan ana duba ko yana tafiya a miƙe, har sautin bugun ya sauya ya nuna ya kai ƙarshe. A fara sa farantin kare ƙura na baya kafin boris, domin mantawa da shi na nufin sake zarowa, kuma zarowa takan kashe sabon. Kada a gasa boris da wuta don ya buɗe, saboda giris da sil da robar duk ba sa jure ta. A mayar da zoben kulli a tabbatar ya zauna cikin raminsa ta ko'ina. A irin mai noti na tsakiya, littattafan gyara sukan ce a ɗaure da ƙarfi don boris ya zauna, a sassauta, a sake ɗaurewa da ƙarfin da aka ƙayyade, sannan a doke bakin sabon notin.

A shafa giris a haƙoran gaɓar, a canza robar da ke rufe ta idan ta tsage, a haɗa rabi biyun alama a kan alama.

Mayarwa

A ɗaga farfela a shigar da gabanta tukuna. Inda akwai ɗan bushin da ke daidaita bakinta a kan sandar giyabos, a duba shi a sa masa giris. A kama notunan firam ɗin boris da hannu kawai, a bar su a sake. A daidaita alamomin gaba da baya, a goge fuskokin faifan haɗi don kada tsatsa ko datti ya shiga tsakani, a sa sababbin notuna, a ɗaure su a gicciye da ƙarfin da littafi ya faɗa. Idan an canza faifan roba kuma yana da kibiyoyi a gefensa, kowace kibiya tana nuna kunnen faifan ƙarfen da za a ɗaure wannan ramin a kai.

Ɗaure firam ɗin boris shi ne mataki na ƙarshe, kuma kowane kamfani da yadda yake so. A BMW E30 da E36 ana tura firam ɗin gaba, wajen inji, da milimita 4 zuwa 6 daga inda ya zauna da kansa, sannan a ɗaure. Ramukansa dogaye ne saboda haka. A tsofaffin Mercedes ana sauke mota a kan tayoyinta, a tura ta gaba da baya sau da yawa don farfela ta sami tsawonta na gaskiya, sannan a ɗaure babban notin da notunan firam. A sauran motoci abin da ake nema shi ne firam ya tsaya a miƙe da farfela, robar ba ta murɗe ba kuma ba a ja ta gefe ɗaya ba, tare da mayar da duk wosha inda aka same ta. Babban notin gaɓa mai zamewa ba a ɗaure shi har ƙarshen ƙarfi, domin gaɓar tana buƙatar ta iya motsawa.

A mayar da farantin kare zafi ko da notunansa sun ba da wahala, domin idan babu shi salansa za ta gasa sabuwar robar. A mayar da salansa, a juya farfela da hannu a tabbatar ba ta taɓa komai, a cika man giya idan ya zuba.

Gwaji

A fara da tashi a hankali, sannan tashi da ƙarfi, sannan a bi ta duk matakan gudu har zuwa inda ƙarar take fitowa a da. Idan tsohuwar karkarwar tashi tana nan, a koma kan kuros da mauntin ɗin giyabos da woshoshin firam. Idan kuwa wata sabuwar jijjiga ce ta bayyana a babban gudu wadda babu ita kafin aikin, to kusan kullum alama ce ta goce, ko datti ya shiga tsakanin faifan haɗi, ko wani nauyin balansin ya ɓalle, kuma wurinsa zai nuna a jikin bututun. Wanda ya gaji farfelar da wani ya riga ya raba ba alama zai iya duba ko akwai alamar masana'anta ko haƙori mai faɗi da ke shiga ta hanya ɗaya kawai, ya kuma jera kunnuwan kuros yadda littafin motar ya nuna; idan jijjigar ta ƙi tafiya bayan haka, sai a kai farfelar gaba ɗaya, da sabon boris ɗin a jikinta, a yi mata balansin a kan na'ura. Bayan 'yan kwanaki ana hawa, a sake ɗaga motar a bi notunan faifan haɗi da na firam da sifana mai auna ɗauri, a kuma duba wutsiyar giyabos ko sil ɗin ya fara ɗiga a kan sabuwar robar.